Man Shanun Gure da Girebar Girkawa

Ƴaƴana, tun da wayar salula ta shiga hannun kowa, ba a rasa yarinya ko saurayi a Gure da zai nuna maka hoton wani abin maƙulashe na wata ƙasa ya ce yana son ya koya. Cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido akwai wani na mutanen Girka, ɗan dunƙule fari fat, an binne shi cikin garin sukari an tula a faranti. Suna kiransa kurabiyedes. Mai kallo yakan gama yabo, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce ai wannan sai a Yamai, sai mai tandar lantarki da firji da botar kanti. A kan wannan magana nake so mu zauna, domin ba haka abin yake ba. Kusan duk abin da tsohuwar ƙauyen Girka take zubawa a kwanonta, akwai shi ko akwai ɗan'uwansa a kasuwar Gure da ta Gidigir. Abin da ya rage muku shi ne sanin dalilin kowane mataki, wannan kuwa bidiyon minti ɗaya ba ya koyar da shi.

Da farko ma, ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa sauka Kano ko Maiduguri ya ga gireba a tiren masu talla: fulawa da mai da sukari, a yayyafa riɗi a sama, a gasa. To ita da kurabiyedes ƴan gida ɗaya ne. Ana yin irinta daga Tabriz ta ƙasar Iran har Maroko, ana yi a Turkiyya da Sham da Masar, kowace ƙasa da man da Allah ya hore mata. Girebar talla da man gyaɗa aka fi yin ta, saboda araha. Girkawa su da man tumaki da na awaki suka saba, suna kuma zuba soyayyen almon, wani ɗan itace mai ɓawo wanda a baki yake kusa da gyaɗa. Mu kuwa muna zaune a tsakiyar makiyaya, muna da man da ya fi man gyaɗa nesa ba kusa ba a wannan aiki, amma ba mu cika tuna shi ba sai an sauke tuwo.

Akwai wani gari a arewacin Girka, kusa da birnin Kavala, sunansa Nea Karvali, wanda ya yi suna da wannan gireba har matafiya ke tsayawa a bakin hanya su saya a kwali. Mutanen garin ƴan gudun hijira ne. A watan Janairun 1923 Girka da Turkiyya suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Lozan cewa za su yi musayar jama'a bisa addini. Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka rabu da Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. Kakannin mutanen Nea Karvali sun taso daga yankin Kapadokiya a 1924, suka bar gidaje da gonaki da kaburburan iyaye. Abin da matansu suka iya da hannu bai buƙaci jaki ko jirgin ruwa ba, ya taho tare da su, kuma yau jikokinsu suna cin abinci da shi. Mu da muke kan hanyar Difa mun ga mutanen da rikici ya raba da garuruwansu, mun kuma ga cewa a cikinsu mai sana'ar hannu ce ke fara tsayawa da ƙafarta.

Su ma Girkawa ba kullum suke cin wannan abu ba. Kurabiyedes na Kirsimeti ne da biki da wankan jarirai a coci. Suna da wani mai suna kulurakiya, wanda ake murzawa a tufka shi a shafa ƙwai, shi kuma na Ista ne, domin masu riƙo da addini a cikinsu suna ƙaurace wa nama da ƙwai da madara da man shanu tsawon makonnin azuminsu, sai su fanshe idan idi ya zo. Suna da na uku, melomakarona, wanda ake tsomawa cikin ruwan zuma, wanda duk ɗiyar da ta taɓa taya uwarta yin alkakin gara za ta gane shi da gani ɗaya. Ke nan matsayin waɗannan a wurinsu shi ne matsayin alkaki da nakiya da dubulan a wurinmu.

Yanzu mu zo kan mai, domin nan ne rabin aikin yake.

Ɗanyen man shanun da Bafulatana ke kawowa a ƙwarya ba mai ne zalla ba. Ko botar kamfani, kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari ne mai, sauran yawanci ruwa ne da ɗan abin da ya rage na madara. Namu na ƙwarya ruwansa yakan fi haka, ga tsamin nono a jikinsa. Wannan ruwa shi ne abokin gabar gireba. Fulawar alkama tana da wani sinadari wanda in ya haɗu da ruwa aka murza shi sai ya yi danƙo. Danƙon nan shi mai burodi yake nema, shi ya sa kuke ganin yana dukan ƙullu har gumi ya jiƙa shi. Mai gireba gudunsa take yi, tana son mai ya lulluɓe kowane ƙwayar gari ya hana shi shan ruwa, don in an sa a baki ya narke ba sai an tauna ba. Idan kun riƙe wannan ɗaya, rabin tambayoyinku kun amsa su da kanku: me ya sa ba a zuba ruwa, me ya sa ba a murza ƙullun da ƙarfi, me ya sa ta wance ta yi tauri alhali kayan haɗinsu ɗaya da na maƙwabciyarta.

Saboda haka ku wanke man tukuna. A sa shi cikin ruwan randa mai sanyi a riƙa matsawa da hannu, a zubar a sake, har ruwan ya daina fari. Sannan a ɗora a wuta kaɗan. Zai narke, ya yi kumfa, ya riƙa tsartsatsi yana ƙara. Ƙarar nan ruwa ne yake fita. Kada ku tafi ko'ina, ku saurara. Idan ƙarar ta lafa, kumfar ta kwanta, kuka hango wani ɗan tsaki ja-ja ya zauna a gindin tukunya, ƙamshi ya koma na gardi, to a sauke nan take, domin tsakanin gardi da ƙauri tazarar ba ta da yawa. A tace da tsumma mai tsabta, a zuba a kwalba busasshiya.

Ga wani abu da hannu zai so ya yi da kansa saboda sabo: yanka albasa a ciki. Ku hana shi. Man da aka soya da albasa na tuwo da miyar kuka ne, kuma ba sukarin da zai ɓoye shi. In za ku sayi soyayye a kasuwa, ku buɗe ku sansana, ku tambayi mai shi da me ta soya. Haka nan ku lura da lokaci. Nono da mai suna yawa da damina zuwa kaka, lokacin da shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Da bazara sai an yi da gaske ake samu, ga tsada. Man da aka soya da kyau aka rufe yana yin watanni bai lalace ba, don haka mai dabara da kaka take saye ta ajiye.

Sai zafi. Man shanu yana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Gure yakan wuce 40 da rana. Wanda ya rubuta girkin da kuka gani a waya yana cewa a bar mai ya yi laushi a ɗaki, amma ɗakinsa ba naku ba ne. A nan in kuka bar shi a ɗaki da azahar, ruwa za ku tarar. Gireba tana son mai daskararre amma mai laushi, wanda yatsa zai shiga ba tare da ya malale ba. Lokacin da Girkawa suke yin tasu, watan Disamba, shi ne hunturunmu, shi ne kuma ya fi dacewa da mai koyo. In Salla ta faɗo cikin zafi, sai a bar kwalbar ta kwana a gindin randa, a tashi a yi aikin bayan sallar asuba, a ɗora kwanon bugu cikin wani babban kwano mai ruwan sanyi. In da ƙanƙara ta dala biyar, ta wadatar.

Bugun ne ke gajiyar da yara, shi ne kuma ba shi da gajeriyar hanya. A daka sukari a turmi mai tsabta, wanda ba a daka yaji a ciki ba, a tankaɗe da rariya mai laushi, abin da ya rage a sama a mayar turmi. Dole ya zama gari, domin ba ruwa a ƙullun da zai narkar da ƙwayarsa, in kun bar shi da tsaki za a ji shi yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Sai a haɗa shi da mai a yi ta bugawa da muciya ko maburgi. Matan Girka sukan yi minti goma sha biyar zuwa ashirin suna bugu ko da inji ne, da hannu kuwa ya fi haka. Ku dubi launi, kada ku dubi agogo. Man zai tashi daga rawaya ya koma fari, ya kumbura, ya yi sauƙi a muciya. Iska ce kuke turawa ciki, kuma ƙananan kumfar nan su ne za su buɗe a wuta su sa abin ya yi sakayau. Wadda ta buga minti uku ta ce hannunta ya gaji, za ta sami gireba mai nauyi mai maiƙo, ta ɗora laifin a kan fulawa. Ku yi karɓa-karɓa da ƙanne. Samari ma kada su noƙe, tunda masu burodi da masu shayin garin nan duk maza ne, ba kuma wanda ya ce sun zubar da girma.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne toka. Kafin hodar kumbura ƙullu ta kamfani ta zo, matan Girka da ruwan toka suke yi, suna kiransa alisiba, har yau kuma akwai tsofaffin da ba su yarda da wani abu ba sai shi. Sukan tafasa cokali ɗaya ko biyu na tokar itace cikin kofin ruwa, su bari ya kwanta, su tace, su ɗibi kaɗan su zuba. Wace ɗiyar Hausa ko ta Manga ce ba ta san ruwan toka ba? Mu ma har da ƙari, muna zaune a ƙasar kanwa. Tun zamanin sarakunan Muniyo fatake suka riƙa ɗaukar kanwa da gishirin kwarurukan yankinmu a kan jakuna da takarkari zuwa Kano, kuma sinadarin da ke cikin kanwa ɗan'uwa ne na jini ga bekin soda da ake sayar muku a ɗan gwangwani. Ita ce iyayenku ke sawa a alkaki bayan ƙullu ya kwana ya yi tsami.

Amma a nan ku yi hattara ƙwarai. Toka ta itace zalla ake nufi, ba ta murhun da aka hura da leda ko tsohon takalmi ko kwali mai fenti ba. Kanwa kuma a jiƙa ta a bar yashinta ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama kawai. Kuma kaɗan ake sawa, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na ruwan ga rabin kilo na fulawa. Kun san da toka da mai ake yin sabulun salo. In kuka cika hannu, abin da zai fara faruwa a kwanonku ke nan, za ku ji gafi a harshe, launi ya yi rawaya-rawaya. Wanda ya buga mansa da kyau ma yana iya barin su duka biyun, abin zai yi.

Ga awon da za ku fara da shi. Soyayyen man shanu giram 250, dakakken sukari giram 100, gwaiduwar ƙwai ɗaya, soyayyar gyaɗa giram 150, fulawa giram 450 zuwa 500, ɗan gishiri. Wannan zai ba ku kamar guda talatin. Girkawa suna zuba ɗan abin sha mai sa maye don ƙamshi, mu ba ruwanmu da shi, ba kuma abin da zai ragu. Ɓawon lemo da aka goga ko ɗan garin kanumfari ya isa. A wasu yankunansu ma sukan soka ƙwayar kanumfari guda a tsakiyar kowane dunƙule.

Gyaɗa ita ce a madadin almon, kuma ban ga abin raini a ciki ba, ƙasar Damagaram da gyaɗa aka san ta tun zamanin Faransawa. Sai dai ku zauna ku tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi fumfuna, a yar. Irin wannan fumfunar tana haifar da guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A soya da yashi har ta yi gardi, a murje, a sheƙe, a ɓarza ta da tsaki-tsaki, kada ta zama tunkuza. A bari ta huce sarai kafin ta shiga, in ba haka ba za ta narkar da man da kuka sha wahalar bugawa. Riɗi ma yana yi, haka dabinon kwarurukanmu in an yanka shi ƙanana, sai a rage sukari.

Fulawa a tankaɗe ta, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ana juyawa da yatsu a hankali. Na ba ku awo biyu ne saboda fulawa ba ɗaya ba ce, ta hunturu busasshiya ce, ta damina ta sha danshi. Ku tsaya da zarar ƙullun ya daina kama hannu, kuma in kun dunƙula ya tsaya bai tsage ba. Tunda danƙo ba ma so, kuna iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar da garin gero da aka surfa aka niƙa da laushi. Gero ba shi da wancan sinadarin, sai ya ƙara marmashi. Launi zai ɗan dushe, kuma garin ya zama na ranar, domin garin gero ba ya jimawa yake ɗaci. Haɗawa da garin gero ba wasa ba ne ga mai son sana'a. Kun ga yadda kayan kanti suka yi tsada lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma lokacin da aka sake rufe ta bayan Yulin 2023. Mai dogaro da abin da ke fitowa daga gonar gida da garken gida ba ta rufe tirenta don an rufe iyaka a Maimujiya.

A dunƙula su daidai wa daida, kada wani ya fi wani, don su nuna tare. A ɗan danna tsakiya da yatsa, nan ne sukari zai zauna.

Batun tanda kuwa, abin da ya fi yawa a Gure shi ne yashi, har kokawa ake da shi kada ya cinye kwaruruka da gonaki. To ga inda zai yi muku rana. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu uku, a ɗora duwatsu uku ƙanana ko gwangwanaye marasa fenti, a rufe a bar ta ta yi zafi kamar minti goma sha biyar. Yashin yana riƙe zafi ya raba shi daidai, ya hana wuta dukan gindin tire kai tsaye. Wutar da ake so ita ce wadda masu tandar lantarki ke sawa a digiri 160 zuwa 170, wato matsakaiciya mai sanyi-sanyi. Ku gwada ta da fulawa: ku barbaɗa kaɗan a tire ku sa. In ta yi baƙi kafin minti biyu, ku janye garwashi. In ta ɗauki kamar minti biyar kafin ta fara ja, wuta ta yi. Sai a sa tiren, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Na ƙasa ya fi na sama ƙaranci, domin yawancin ɓarnar masu koyo ita ce gindi ya ƙone ciki bai nuna ba. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar, kuna juya tukunyar sau ɗaya ko biyu saboda iska ba ta hura gawayi daidai ta kowane gefe. Ba a jira ta yi ja. Sama ya bushe ya ɗan tsattsage, gindi ya yi ruwan zuma, shi ke nan. Ku fara da guda uku na gwaji kafin ku sa dukiyarku duka.

Kuma don Allah, komai sanyin hunturu, kada ku shiga da gawayi ɗaki ku rufe ƙofa. Iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, mutum ya wuce daga nan. A tsakar gida ake wannan aiki.

In abin ya yi yawa, kamar na biki, akwai wata hanya da Girkawa suka daɗe suna bi. A da gidaje da yawa a garuruwansu ba su da tanda, sai mata su jera tirensu su kai gidan burodin unguwa, a gasa musu su biya. Ku je ku gaida mai burodin unguwarku, ku tambaye shi lokacin da yake kwashe burodin ƙarshe. Zafin da ya rage a tandar bayan nan shi ne daidai da gireba, shi kuma a banza yake tafiya.

Da an fito da su kada a taɓa, da zafi ruguzewa suke yi. Girkawa sukan yayyafa ɗan ruwan fure mai ƙamshi tun da ɗumi, sannan su tankaɗa garin sukari, in sun huce sarai su sake tankaɗawa. Na farko yana mannewa, na biyu shi ke ba da farin. In kun zuba tun suna turiri, sukarin zai narke ya zama danƙo. Ni dai a ganina sun cika sukari, har mutum ya shaƙe in ya ja numfashi yana ci, kuma tankaɗe ɗaya mara kauri ya isa, man ya samu ya yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke samun ƙarfi da shi a yini, wato kamar giram 50 ga babba. Mu da muke shan shayi zagaye uku mun riga mun ci rabonmu kafin la'asar. Ku bar gireba a matsayinta na Salla da biki da tarbar baƙo, kuma in Baba ko Inna suna da ciwon sukari kada ku matsa musu don a yaba hannunku.

Waɗanda za su mai da shi sana'a, ku sayi littafin rubutu kafin ku sayi tire na biyu. Ku rubuta kuɗin mai da fulawa da sukari da gyaɗa, ku sa gawayi da leda da ƙanƙara, ku sa waɗanda suka fashe da waɗanda ƙanne suka cinye, ku sa ladan hannunku. Sannan ku raba da adadin da suka fito lafiya. Da yawa suna sayar da guda a dala goma don maƙwabciya haka take sayarwa, ba su san cewa ita da man gyaɗa take yi ba, sai jari ya narke ba su ga inda ya bi ba. Ta man shanu ba za ta yi farashi ɗaya da ta man gyaɗa ba. Ku yi iri biyu in kuna so, kowace da kuɗinta, amma ku faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Wadda ta zuba man kanti na roba ta ɗiga cokali ɗaya na man shanu don ƙamshi, ta ce zalla ne, za ta ci kasuwa sau ɗaya. Gure ba ta da girman da magana za ta ɓata a hanya, kuma harshen tsofaffi ba ya ruɗuwa da man shanu.

Littafin nan yana da wani aiki da ya fi lissafi. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ake aika wa idan za a yi gara, wadda alkakinta ke yin wata bai yi tauri ba. In kun tambaye ta awo za ta ce a zuba daidai, domin awon yana cikin tafin hannunta, ba ta taɓa ƙirga shi ba. Kada ku tsaya tambaya daga bakin ƙofa. Ku je ranar aiki da sassafe, ku gaishe ta, ku ce Iya mun zo taya ki, ku ɗauki daka da tankaɗe da wanke-wanke. Ku tafi da ɗan kofin shayi guda, shi zai zama ma'auninku. Duk abin da ta ɗibo da hannu, ku roƙe ta ta zuba a kwano tukuna, ku auna da kofin, ku rubuta, sannan a zuba a ƙullu. Za ta yi muku tsiya, ta ce ƴan lakwal komai sai takarda, ku yi dariya ku ci gaba. Ku rubuta har abin da ba awo ba: wace kanwa take zaɓa, ungurnu ko wata, yaya take gane ruwan sukari ya yi, me take dubawa a mai kafin ta saki alkaki a ciki, me take canzawa in ana hazo. Sai ku koma gida ku yi da kanku, ku kawo mata ta ɗanɗana ta faɗi inda kuka kauce, ku gyara a littafin.

Ajiya ba ta da wuya. Tunda ba ruwa a cikinta, gireba tana yin mako biyu zuwa uku a gwangwani ko roba mai murfi, kuma ta kwana biyu ta fi ta ranar daɗi. Kada a rufe ta sai ta huce sarai. Da damina a rage yawan da ake yi, danshi yana sa ta saki. In za ku ba direba saƙo zuwa Damagaram ko Maine, ku jera su a kwali da takarda tsakanin kowane layi, ku cika gurbin da ya rage da takarda don kada su yi rawa a hanya, ku kuma ce masa ya ajiye a gaba, ba a ƙarƙashin buhu ba.